Sai Wake Ya Yi Tsada

Ranar da Alhaji Laminu ya ɗauko mahaifiyarsa daga Gashuwa, sai da ya zagaya da motar ta bakin kasuwar Nguru sau biyu, gilas a sauke, don kada wani ya tashi gobe ya ce bai gani ba. Hajja Mairam na zaune a gaba da carbinta, ƙafa ɗaya a kan buta, ɗaya a kan naɗin tabarma. A kujerar baya kuwa adakarta ce, koriya, wadda ta ƙi yarda a jefa a but. Abin da ya rage mata ke nan bayan kogi ya cika a tsakiyar damina, ya shigo unguwarsu ya kwantar da ɗakinta na ƙasa.

Ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidan, mai daɓen siminti da fanka da ƙofar ƙarfe. Duk wanda ya zo jaje sai Alhaji ya kai shi ya ga fankar tana juyawa, in an yi sa'a da wuta. Ya kuma yi alkawari a gaban mutane zai sake gina mata gidanta na Gashuwa da bulo. Hajja ta yi ta sa masa albarka ba tare da ta kama sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma shekara hamsin da 'yan kai ba ta taɓa furta sunan nan ba, ko a cikin barci. Nagoggo take ce masa, saboda goggonsa ce ta yaye shi. In wani Laminun daban ya zo gaishe ta, sai ta ce da shi mai sunan mutumin.

Kowace Juma'a da hantsi Hajja takan jawo adakar nan daga lungun ɗaki, ta kwance makullin daga bakin zanenta, ta buɗe. Farin yadi ne a ciki, a ninke. Shekarar da bandar kifi ta kai ta Makka ta saye shi, ta tsoma shi cikin ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya shi a can. Likkafaninta ne, amma ita kayan tafiya take ce masa. Sai ta fito da shi ya sha iska, ta turara shi, ta mayar. Suwaibatu, matar Alhaji, ita ke kama mata ninki. Wata rana ta daure ta ce kamar yadin ya yi yawa ga mutum ɗaya. Hajja ta ce mata ita dai ta ninke, ba a aike ta awo ba.

Haka aka zauna lafiya har kaka ta yi.

Alhaji Laminu ɗan kasuwar hatsi ne, irin waɗanda ba sa noma ko kunya ɗaya amma su ke sanin ranar da kowa zai ji yunwa. Yakan bi kasuwannin Jajimaji da Machina da Yusufari ya saye wake da riɗi lokacin da manomi ke neman kai da su, ya danne, sai damina ta yi nisa ya fito da su. A shekarar nan wani ya raɗa masa cewa wake zai yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Tun daga ranar idonsa ya canza. Sitonsa na kasuwa ya cika, ya cika zaure, ya cika ɗakin baƙi, motocin kuwa ba su daina zuwa ba.

Ranar da abin ya zo kanta, Hajja ta tafi suna a maƙwabta. Ta dawo bayan la'asar da ƙullin goro a hannu, ta tarar da ƙofar ɗakinta da kwaɗo sabo fil, an toshe taga da leda, an liƙe ƙasan ƙofa da laka. Tabarmarta da buta da sallaya suna ɗan ɗakin da ke manne da shi, wanda a da ake zuba gawayi.

Alhaji ya zo ya durƙusa kamar ɗan kirki. Ya yi mata bayani cewa wake abu ne mai laulayi, ƙwari ba sa raga masa, kuma ƙwayar maganin da ake sa masa ba ta aiki sai a ɗakin da iska ba ta shiga. Duk gidan kuwa ɗakinta ne kaɗai mai irin wannan ƙofa.

"Kwana biyu ne, Hajja. Sai wake ya yi tsada."

"Adakata fa, Nagoggo?"

"Tana ciki, a lungunta. 'Yan dako sun riga sun jera kaya kafin na tuna. Amma ki kwantar da hankalinki, duk Nguru babu inda ya fi nan tsaro. Ko ɓera ba ya rai a ɗakin nan."

Hajja ta dubi bangon da ya raba ta da ɗakin da ɓera ba ya rai a cikinsa, ta ga bai ma kai rufi ba, ta ce ta ji.

Warin maganin ne ya fara zuwa. Shekara talatin ta yi tana banda kifi a bakin kogi, ta san warin tarwaɗa ta kwana uku da na ƙarfasa da rana ta buga, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba. Yana bi ta saman bango ya sauko ya zauna mata a maƙogwaro. Bayan mako biyu ta fara tari. Bayan wata guda in ta yi sujada sai ta daɗe ba ta ɗago ba, ba don tsawon addu'a ba, don neman numfashi.

Da Suwaibatu ta yi wa mijinta magana, ya ce sanyi ne, kowa ma yana tari. Da sanyi ya wuce, ya ce tsufa ne, ai ba yarinya ba ce. Da tarin ya ƙi jin wannan ma, sai ya zauna ya yi dogon nazari ya gano hayaƙin bandar kifi ne na shekara talatin, yanzu yake fitowa. Hajja na jin sa daga ɗakin gawayi. Ta ce a gaya masa hayaƙin nan shi ya sayo masa wandonsa na farko, ya riƙa ambatonsa da ladabi.

Sai riɗi ya zo. Riɗi ma, in ji Alhaji, ba ya son raɓa, kuma ɗakin gawayi yana da rufi mai kyau. Aka mayar da Hajja rumfar langa-langa da ke tsakanin ɗakin waken da madafa, aka kewaye mata da tsofaffin buhuna don kada a ce a waje take kwana. Nan bazara ta same ta. Wanda ya san zafin Nguru ya san abin da langa-langa ke yi da azahar. Fankarta kuwa tana can a kulle tare da wake. Suwaibatu ta roƙe ta ta dawo ɗakinta ita Suwaibatun, Hajja ta ce ita ba ta haukace ba da za ta kwana inda ɗanta ke kwana da matarsa. Ko da ta yarda ma, rabin ɗakin buhunan zoɓo ne, Suwaibatun kanta a karkace take shiga.

Abin da ya fi ba Hajja dariya, in tari ya bar ta ta yi dariyar, shi ne gidan nan da wake ya kori mutanensa ba a cin ƙosai a cikinsa. Alhaji ya ce na ɗaki akwai magani, na kasuwa kuma ya fara tsada, a yi haƙuri da tuwo.

Duk Juma'a takan tambaye shi adakarta. Duk Juma'a amsar ɗaya ce. In aka buɗe ɗakin iska za ta shiga, magani ya tashi a banza, sannan a biya 'yan dako su fitar da kaya su mayar, duk saboda ƙyalle. Hajja ta ce to ya taimaka ya aika wa mala'ikan mutuwa da farashin wake, don ya san ranar da zai zo. Alhaji ya ce subhanallahi, Hajja ta cika wasa da abin da ba na wasa ba.

Suwaibatu ce ta kai ta asibiti a ɓoye, ranar da Alhaji ya tafi Machina. Likitan ya ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ya daɗe, sannan ya tambaya ko ana ajiye hatsi da magani kusa da inda take kwana. Suwaibatu ta sunkuyar da kai. Ya ce a raba tsohuwar nan da wurin yau, ba gobe ba. Da aka kai wa Alhaji saƙon, ya ce likita ya san mutum amma bai san wake ba. Ya aika kemis aka sayo mata alewar tari, ya kuma sa aka yi mata rubutun sha, ya ce yanzu an haɗa mata na Turawa da na gida, saura kuma sai Allah.

Rahima, ƙanwar Alhaji da ke aure a Gashuwa, ita ta zo ta ga halin da ake ciki ta fashe da kuka a tsakar gida. Ta ce Hajja ta tashi su tafi, ai an ce Yaya ya gama ginin gidan can. Hajja ba ta san da wannan labari ba. Murna ta kama ta har ta ji kunyar zargin da take yi masa a zuci. Ashe yaron nan shiru ya yi yana shirya mata abin mamaki. Duk tsawon hanyar Gashuwa tana tari tana sa masa albarka.

Ginin kuwa an yi shi. Tun daga bakin layi ta hango sabon kwano yana walƙiya inda ɗakinta yake a da. Bulo ne, har da fenti. Sai da ta matso ta ga babu taga ko ɗaya, ƙofar kuma ta ƙarfe ce mai faɗin da mota za ta iya juya baya ta shiga. Kwaɗon da ke jiki ɗan'uwan na Nguru ne. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta yi mata lale, ta ce ai shinkafa ce shanshera, mai ƙaiƙayinta, a ciki har rufi, tun watan jiya. Rahima ta kira wanta a waya nan take. Ya ce shi ajiya yake yi wa Hajja, gida in ba kowa a ciki lalacewa yake yi, kuma da zarar shinkafa ta yi tsada zai fasa mata taga.

Kwana uku Hajja ta yi a gidan Rahima. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, surukinta ya koma kwana a zaure, kullum da safe ya zo ya durƙusa yana gaishe ta ita kuma tana jan mayafi tana kallon bango. Numfashinta ya ɗan sauka, amma tuwon gidan suruki ya ƙi wuce mata. Mace mai ɗa namiji da gida da mota, a ce tana zaune a kan mijin 'yarta, wannan ba za ta iya ɗauka ba. A rana ta huɗu ta naɗe tabarmarta. Ta ce wa Rahima ban da haka ma kayan tafiyarta na Nguru, ba za ta mutu a gari ɗaya likkafaninta na wani garin ba.

Damina ta sauka, wake ya yi tsada. Ya yi tsadar da aka raɗa wa Alhaji, har ya wuce. Wasu mutane suka zo daga Kano da babbar mota suka tsaya a ƙofar gida, Hajja na jin cinikin daga rumfarta, zuciyarta na bugawa kamar ita za a biya. Alhaji ya shayar da su ruwan sanyi ya sallame su. Ya ce wanda ya sayar yanzu ya yi asara, nan da wata guda sai an roƙe shi. Ya sake sayo ƙwayar magani, ya ɗaga ledar taga ya watsa sabuwa. A ranar Hajja ta gane tsadar da ɗanta ke jira ba ta da ranar zuwa, don duk inda farashi ya kai, shi yana gaba da shi da taku ɗaya.

Kwana biyu bayan sabon maganin, da azahar, numfashinta ya ɗauke. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi ba. Ta dai farfaɗo ta ji ruwa a fuskarta, ta ji muryoyi a bayan buhunan da aka kewaye ta da su. Suwaibatu ce ke kuka tana cewa ya ji tsoron Allah ya buɗe ɗakin nan, ko don a fito da yadin, in abin ya zo da me za a rufe ta? Alhaji ya ce ta rage murya. Ya ce in abin ya faru, farin yadi ai ba ya ƙarewa a kasuwa, kafin a gama wanka an yanko. Ƙasa ba ta tambayar inda aka sayo ƙyalle.

Hajja ba ta yi motsi ba. Ta sha baƙin ciki iri-iri a duniya, ta binne miji, ta binne 'ya'ya biyu, ruwa ya ci gidanta tana kallo, amma babu wanda ya soke ta kamar wannan. Ba yadin ba ne kaɗai. Yadda ya faɗi maganar ne, cikin natsuwa, da muryar da yake ƙin tayi da ita a kasuwa. Ta yi kuka kaɗan, ba sauti. Da hawayen suka bushe sai ta ji wani abu ya dawo mata wanda ta daɗe ba ta ji ba, irin zafin kan da take shiga kasuwar kifi da shi tana da ƙuruciya.

Ranar kasuwa da hantsi, bayan Alhaji ya fita, ta sa Suwaibatu ta kama ta har ƙofar gida. Ta zauna a gindin darbejiya inda kowa ke wucewa. Ta ce a ɗebo mata buhuna huɗu sababbi daga zaure, cikin waɗanda Alhaji ya sa aka rubuta wa sunansa da jan fenti, da basilla da zare da wuƙa. Suwaibatu ta ɗauka shimfiɗa za ta yi. Hajja ta farke buhunan, ta miƙe ƙafa ta gwada tsawonta, ta fara ɗinki.

Mace ta farko da ta tsaya gaishe ta ta tambayi me ake ɗinkawa. Hajja ta ce likkafani. Matar ta yi salati, ta ce na wa? Hajja ta ce nata. Ta yi mata bayani a tsanake, tana tari tana jan zare, cewa ta zauna ta lura a gidan nan sai abin da ke cikin buhu ake ba ɗaki. Wake ya samu, riɗi ya samu, zoɓo har ɗakin matar gida yake kwana. To ita ma ta yanke shawarar shiga buhu, ko Allah zai sa a dube ta.

Kafin rana ta take, gindin darbejiya ya cika. Masu zuwa kasuwa suka fasa sauri, masu dawowa suka ajiye kaya. Wasu na dariya suna rufe baki, wasu matan na share hawaye, duk wanda ya zo kuma sai Hajja ta sake masa bayanin daga farko, ba ta rage ko kalma. Malam Ridwanu, limamin unguwa, ya zo ya tsuguna gefe ya ce Hajja ta yi wa Allah ta shiga gida, a yi maganar a cikin sirri. Ta ce ai wata tara ana yin ta a cikin sirri, shi ya sa bai ji ba.

Labari ya riga ya isa layin 'yan hatsi. Alhaji Laminu ya iso da mota a guje, ya fito yana gyara hula, yana yi wa mutane murmushin da ba na dariya ba. Ya ce tsufa ne, su yi haƙuri, kwanan nan ba ta cika gane abin da take yi ba. Ya durƙusa kusa da ita ya rage murya, ya ce don girman Allah ta tashi, tana zubar masa da mutunci a gaban abokan ciniki.

Hajja ta miƙa masa basillar.

"Ka zo a daidai. Na gama gefe da gefe, saura baki. Duk Nguru an san babu wanda ya kai ka iya ɗinke bakin buhu. In na shiga, kai za ka rufe."

Bai karɓa ba. Sai ta juya ɗinkin ta baje shi a cinyarta, jan rubutun ya fito sarai. Ta ce ita ba ta yi boko ba, Malam ya taimaka ya karanta mata abin da aka rubuta. Malam Ridwanu ya yi gyaran murya, ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa, sannan ya karanta a hankali: Alhaji Laminu, Nguru.

"Laminu," in ji Hajja.

Tsofaffin matan da ke wurin suka dafe baki, don sun san abin da aka yi. Alhaji ya ɗago kai kamar an mare shi. Duk rayuwarsa ya ji sunan nan a bakin malamai da direbobi da 'yan dako, bai taɓa jin yadda yake fita daga bakin uwarsa ba.

"Laminu," ta sake cewa, ta tsaya ta yi tari. "Shekara hamsin ina riƙe da sunan nan a cikina, ban bari ya fito ba, don kunya da girmamawa. Na ɗauka abu ne mai daraja. Ashe a jikin buhu kake buga shi. To tunda inda sunanka yake nan zuciyarka take, bari in shiga ciki, ko ka san kana da uwa."

Ya buɗe baki. Mutanen da ke kusa sun rantse sun ji ya fara cewa "Sai wake," sannan maganar ta maƙale. Ya dubi hannun da ke riƙe da basillar, ya ga yadda ya zama ƙashi da jijiya, ya ga zoben azurfarta da ta naɗa wa zare don kada ya zame. Wata tara yana wuce hannun nan safe da yamma bai gan shi ba. Ya tashi ya tuɓe babbar riga ya jefa kan mota, ya shiga gida yana laluben makulli.

Sai da aka buɗe ƙofa da taga aka ja da baya na tsawon lokaci kafin wani ya iya matsawa, don warin da ya fito ya kori har kajin maƙwabta. Sannan 'yan dako suka fara fitarwa, Alhaji a cikinsu da singileti, yana nishi, buhu a kafaɗa. Layukan gaba lafiya lau. Da aka isa bangon baya sai aka tarar rufi ya daɗe yana yoyo ba wanda ya sani, tunda ba mai shiga. Waken wurin ya jiƙe ya kumbura ya yi baƙi, ya manne ya zama abu guda mai ɗoyi. A ƙarƙashinsa, a lungu, adaka ce zaune cikin danshi, gindinta ya yi ja da tsatsa.

Shi ya ɗauko ta da kansa ya ajiye a gabanta. Hajja ta kwance makulli daga bakin zane. Yadin da ke sama ya fito fari, har da sauran ƙanshin turare. Ta rungume shi. Sannan ta sa hannu ta ɗago wani daga ƙasa, sai ga shi ya ruɓe, tsatsa da danshi sun cinye shi, yana yagewa a yatsunta. A nan Suwaibatu ta gane dalilin yawan yadin.

"Biyu na saya," in ji Hajja. "Ɗaya nawa, ɗaya naka. Duka na tsoma su. Wannan da ya ruɓe shi ne naka."

Alhaji, da yake ɗan kasuwa ne har cikin ƙashi, ya tambaya ta yaya ta san wanne ne na wa, tunda iri ɗaya ne.

"Nawa na sa a sama. Kullum addu'ata in riga ka."

Alhaji ya zauna daɓas a ƙasa cikin ruɓaɓɓen wake, ƙato da shi, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro, ba ruwansa da masu kallo. Hajja ta bar shi ya yi mai isarsa. Da ya lafa sai ta naɗe ɗinkin buhun ta ɗora masa a cinya, ta ce ya riƙe wannan a madadin wancan, har da sunansa a jiki, ba mai ɗauke masa. Sai dai ya ƙara buhu ɗaya, don ya fi ta ciki.

A makon ya sayar da waken da ya tsira, a farashin da ya samu. Ya kwashe shinkafar Gashuwa, ya kawo magina suka fasa tagogi biyu, Hajja ta koma gidanta da adakarta a kujerar baya, wannan karon ba a zagaya ta kasuwa ba. Amma likita ya ce huhun ya riga ya tafi, abin da ya rage sai lallaɓawa. Ta yi wata biyar tana kwana a ɗakinta, taga a buɗe, tana jin hayaniyar masunta daga bakin kogi. Ba ta sake kama sunansa ba, ta koma Nagoggonta. Ta rasu wata Alhamis da hantsi, aka rufe ta da yadinta na sama.

Kada wani ya ce Alhaji Laminu ya zama waliyyi. Har yau in kaka ta yi tafin hannunsa ƙaiƙayi yake yi, in ya ga motar wake sai ya bi ta da ido har ta sha kwana. Abin da ya canza shi ne sitonsa na kasuwa in ya cika ya cika ke nan, ko tiya ɗaya ba ta ƙetare zauren gidansa, kuma ana cin ƙosai a gidan. A jikin bangon siton, a saitin inda yake zama, akwai wani dogon ɗinkin buhu rataye a ƙusa. Kashi huɗu ɗinkin tsohuwa ne, a karkace. Na biyar ɗinkin gwani ne.

Bara wani dillali ya zo masa da labarin riɗi zai yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ya tuna masa cewa tunda Hajja ta rasu, ɗakin nan na gidansa mai ƙofar ƙarfe zai ci buhu ɗari biyu. Alhaji ya shiga murza tafin hannu a gwiwa. Dillalin ya ga inda idonsa ya tsaya, ya tambaya wannan kuma buhun mene ne, mai tsawo haka ba komai a ciki.

"Na kayan da bai iso ba ne," in ji Alhaji Laminu. "An riga an auna, buhu biyar ya ci. Sauran ka kai wa wani."